Fuskar da Ta Ƙi Fitowa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Kano lafiya. Allah Ya tsare mini ke a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin baki, Ya sa ki ci halalinki cikin rufin asiri. Ki gaida Hajiyar da za ki yi aiki a shagon hotonta, ki ce na gode da riƙo.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kowa yana nan yadda kika bar shi. Kin tambaye ni wane gilashi za ki saya wa kyamararki da ɗan abin da kika tara. Amsar gajera ce: ki sayi mai lamba hamsin, wanda masu hoto ke ce wa fifti. Shi ne mai araha, shi ne mara nauyi. Ba ya zuƙo abu daga nesa, inda kika tsaya nan yake tsayawa, amma idonsa yana buɗewa sosai, har lamba ɗaya da ɗigo takwas, yana shan haske a inda sauran gilasai suke makancewa. Sai dai ba zan iya miƙa miki wannan amsa haka tsirara ba. Dole in haɗa miki da abin da ya same ni da shi. Kina ƙarama a lokacin. Wasu abubuwan kin gani ba ki gane ba, wasu kuma ɓoye miki aka yi.

Kin san yadda na fara. Kawunki ne ya bar mini tsohuwar kyamararsa da ya koma sayar da wayoyi. Mata suna son hoto ranar kamu da ranar suna, maza masu hoto kuwa iyakarsu zaure, sai aikin ya faɗo hannuna. Matsalar ita ce ɗakunanmu. Taga kamar tafin hannu, ga labule, ga jama'a sun toshe ƙofa. In na kunna filasha, fuskoki su fito fari fat kamar an shafa musu toka, tsofaffi kuma su ja mayafi su rufe ido, suna cewa walƙiyar nan tana shanye gani. Wata rana na kai wankin hoto wurin Baban Joy, mutumin kudun nan mai shago kusa da tasha, wanda ya fi wasu 'yan gari iya Hausa. Ya daɗe yana duba aikina, sannan ya ce, "Maman Ummi, kyamararki lafiyarta ƙalau. Ido ne ba ta da shi. Ki nemi fifti, ki ajiye filashar nan."

Kuskurena na farko a wajen saye na yi shi. Ranar kasuwar Babura na je aikin wani biki, sai na ga wani mutum ya shimfiɗa buhu, ya baza tsofaffin wayoyi da rediyoyi, ga gilashin nan a tsakiyarsu. Ya ce daga ƙetare aka shigo da shi, ko kuɗin ma da sefa ya faɗa mini, kuma da muka juya shi naira sai na ga kamar kyauta. Kyamarar tana gidan biki, ban koma na ɗauko na gwada ba. Na biya, na ƙulle shi a gefen mayafi ina murna. Da na dawo Kazaure na ɗaga shi saitin rana, sai na ga wasu fararen zare a can cikinsa, sun bazu kamar saiwar ciyawa. Duk hoton da na ɗauka da shi sai ya fito kamar ta cikin hayaƙi aka leƙa mutanen. Na ajiye shi a kan kwaba, kuma duk safiyar da na duba sai in ga kamar zaren ya ƙara tsawo. Baban Joy ya ce fumfuna ce, damina ce ta shige shi, kuma in nisanta shi da sauran kayana don tana yaɗuwa. Na koma Babura wata kasuwar, na tarar da mai sayar da igiya a wurin. Ya rantse mini tun kaka nan ne mazauninsa, bai taɓa ganin mai wayoyi ba.

To, Ummi, araha ba ta ado. Kada ki sayi gilashi kyamararki ba ta hannunki. Ki ɗaura shi, ki ji ya zauna daram, domin ba kowane ne ke shiga bakin kowace kyamara ba, wani kuma zai shiga amma ya ƙi saita kansa. Ki haska fitilar waya ta bayansa ki leƙa ta gaba. Ɗan ƙura ba laifi ba ne, amma in kin ga zare ko hazo, ajiye. Ki shinshina shi, in yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ajiye. Ki ɗauki hoton mai sayarwar da shi a nan take, ki faɗaɗa ki duba gashin idonsa. Kuma ki saya a wurin mai shago, wanda gobe za ki same shi a inda kika bar shi.

Gilashi na biyu Baban Joy ne ya sa aka kawo mini, mai tsabta. Aikin farko da na yi da shi wani suna ne a Roni. Na zaunar da mai jego tana fuskantar ƙofa, ba filasha ba komai, na buɗe idon gilashin har ƙarshe. Da na duba hoton sai da na yi salati. Jaririyar ta fito har da ɗan gumin kan hancinta, lallen uwar ya fito ja wur, duk tarkacen bayansu kuwa, kwanuka da akwatuna da ƙafafun mutane, sun narke sun zama wani laushi kamar auduga. Tun daga ranar na kamu da son wannan narkewar, ko me zan ɗauka sai in buɗe shi har ƙarshe.

A wannan gidan na yi kuskure na biyu. Tunda gilashin ba ya zuƙowa ba ya turawa, ƙafarki ce ke yin aikin. Ana so in ɗauki dangin uba gaba ɗaya a tsakar gida, na sa ido a kyamara ina ja da baya, ina ja, ban waiwaya ba. Na ji asabari ya taɓa bayana, na ture shi na ci gaba. Sai na ji hayaniyar suna ta yi nisa, sanyi ya kama ni, wani warin jiƙo ya cika mini hanci. A bayana kuma wata murya ta ce, "Ke ce mai ɗaukar mutane ba walƙiya?"

Na juya. Ɗaki ne mai duhu, wata tsohuwa tana kwance a kan gadon kara, ta rame har ba ta tada zanen da aka lulluɓe ta da shi. Kakar maigidan ce, ana ce mata Gwaggo Dije. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba ke kika shigo ba, kawo ki aka yi. Ɗaga asabarin nan kaɗan. Ɗauke ni, 'yar nan. Ban taɓa yarda an ɗauke ni ba, amma yau ina so." Na ɗaga, ɗan haske ya sauka a rabin fuskarta, na ɗauka. Ban taɓa yin hoto mai kyan wannan ba. Kafin in kai musu hotunan suna, an yi sadakar ukunta.

Kada ki ja da baya idonki yana cikin kyamara. Ki sauke ta, ki waiwaya, ki ga inda ƙafarki za ta sauka. A gidajen mutane akwai rijiya, akwai murhu, akwai ɗakunan da ba a gayyace ki ba. In kuma kin ga aikinki ya fi yawa a ɗakuna masu ƙunci, ki duba ɗan'uwansa mai lamba talatin da biyar, ya fi ɗibar wuri, ba sai kin yi ta ja da baya ba.

'Ya'yan Gwaggo Dije sun yi kuka da suka ga hoton, sun yi mini addu'a, sun nuna wa kowa. Daga nan aka fara aiko mini: tsohonmu yana kwance, ba ya son walƙiya, ki zo ki ɗauke shi mu samu abin tunawa. Na riƙa zuwa da zuciya ɗaya, ina ganin lada nake nema. Ban lura ba cewa a idon mutane na zama matar da in ta shiga ɗaki da baƙar jakarta, ba a daɗewa sai a fito da makara.

Kuskure na uku shi ne babba. A wani biki a Gwiwa na jera amarya da ƙawayenta a ɗakin uwarta. Gilashin yana buɗe har ƙarshe kamar yadda na saba. Abin da ban riƙe da kyau ba shi ne, in ya buɗe haka, wurin da yake gani tar siriri ne ƙwarai, bai fi kaurin tafin hannu ba. Wanda ya matso gaba kaɗan ko ya ja baya kaɗan, ya fita daga ciki. Wata ƙawar amarya mai suna Rabi ta ɗan ja baya ta jingina da bango. A hoton kowa ta fito, ita kaɗai fuskarta ta yi dishi-dishi, kamar ana kallonta ta ƙarƙashin ruwa. Na gani sarai. Amma amarya ta yi kyau, na ce ba komai, na wanke na kai musu.

Damina na tsakiya Rabi ta rasu wajen haihuwa. A zaman makoki wata ta ɗauko hoton don a ga marigayiya, sai aka ga fuskarta dishi-dishi. Aka ce wata tsohuwa ce ta fara magana, ta ce, "Ai tun ranar nan ta fara tafiya."

Kin san magana ba ta da ƙafa amma ta fi babur gudu. Daga Gwiwa zuwa Roni zuwa cikin Kazaure, mata suka riƙa zazzage akwatuna suna fito da hotunan da na ɗauka, suna bin fuskoki da yatsa. Kuma tunda na daɗe ina wannan sakacin, ba a rasa masu hazo ba. Waɗanda ke raye ba wanda ya ƙirga su. Amma an samu wani dattijo a Babura da ya fito dishi-dishi a bayan jikokinsa, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Shi ke nan. In na shiga gidan biki sai in ga ana janye yara. Masu jeruwa su yi ta ture juna, kowa tana son gaba, ba mai yarda ta tsaya a baya. Maƙwabciyarmu da muke musayar gishiri da ita ta hana 'ya'yanta cin tuwon gidanmu. Kin dawo kina kuka ranar, na ce miki mura suke yi.

Ki riƙe wannan kamar karatun sallah. Buɗewa har ƙarshe ta mutum ɗaya ce, ki saita a kan idon da ya fi kusa da ke. Mutum biyu, ki rage. Jama'a kuwa ki tsuke shi zuwa biyar da ɗigo shida ko takwas, ki fito da su inda haske yake, ki jera su kafaɗa da kafaɗa. Kafin ki sallame su ki faɗaɗa hoton ki bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Kada ki taɓa miƙa wa mutane hoton da fuskar wani ta ɓace a ciki, kome kyansa. Ke kin san gilashi ne. Su ba gilashi suke gani ba, ɗansu suke gani.

Wata ranar Laraba da hantsi adaidaita ta tsaya a ƙofar gidanmu. Maza biyu daga Kanya Babba suka yi sallama da babanku. Ina jin su daga tsakar gida, suna magana a hankali, da ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ban tsoro. Ƙanwar wata amarya da na yi wa aiki, yarinya mai suna Lantana, tana kwance da zazzaɓi. Ta fito da hazo a hoton bikin. Kuma a cikin zafin ciwo tana ta sambatu, tana cewa, "Ga mai hoto nan, ku ce ta daina kallona."

Kin girma yanzu, kin san abin da ake nufi in mara lafiya ya kama sunan mutum. Babanku ya shigo fuskarsa ta canja, ya ce, "Sa mayafinki. In mun ƙi zuwa, gobe ba mutum biyu za su zo ba. Amma tare za mu, kuma kada ki yi komai sai na ce."

Mun tarar da gidan cike, amma ba ka jin komai sai kukan tantabaru. Aka buɗe mini hanya, ba wanda ya amsa sallamata da ƙarfi. Yarinyar tana kan tabarma a ƙofar ɗaki, idanunta a buɗe, ba ta ganin kowa, tana sambatu ƙasa-ƙasa. Da inuwata ta sauka a kanta sai ta yi shiru, ta juyo da kai ta dube ni. Wallahi Ummi, sai da na ji tsoron kaina.

Wani kawunta ya ce, "Ba mu ce komai ba, Hajiya. Ki ƙetara ta kawai, kowa ya huta."

Babanku daga bakin zaure ya ɗaga murya ya ce, "Matata ba mayya ba ce, ba za ta ƙetara kowa ba. Ga adaidaita a waje, ku ɗauko yarinya mu kai ta asibiti."

Aka fara gunaguni. Sai uwar yarinyar ta rarrafo ta kama ƙafata da hannu biyu. Ba ta zarge ni ba. Cewa ta yi, "Baiwar Allah, ni ban san komai ba. Ita kaɗai ta rage mini a ɗaki. In ba ke ba ce, me zai rage ki? Ki taimake ni don darajar 'ya'yanki."

Na dubi matar nan, na tuna da ke. Na yi bismillah na ƙetara.

Babanku ya shigo daga bakin zaure. Ya sa aka ɗauki yarinyar duk da haka, muka kai ta asibiti, aka ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai, aka ɗaura mata ruwa. Ta warke. Amma ba wanda ya ce ruwan asibiti ne ya tashe ta. Cewa aka yi na sake ta. Da ƙafata na sa hannu a kan abin da ake faɗa a kaina.

Har yau in na tuna fuskar uwar nan ban san ko zan iya yin wani abu daban ba. Amma ke ina gaya miki: tausayi ba ya sa a amsa sunan da ba naka ba. Ki taimaka da mota, da kuɗin magani, da zaman jinya. Kada ki taimaka da mutuncinki, domin ba naki ba ne ke kaɗai, har da na 'ya'yan da ba ki haifa ba tukuna.

Babanku ya kai maganar gaban mai unguwa. A zaurensa, gaban dattawa, na jera butoci uku, ɗaya gaba, ɗaya tsakiya, ɗaya baya. Na ɗauka, ta baya ta yi hazo. Na sake saiti, hazon ya dawo kan ta gaba. Na tsuke idon gilashin, duka uku suka fito. Suka karɓi kyamarar suna miƙa wa juna, suna gyaɗa kai. Mai unguwa ya ce zato zunubi ne, kuma duk wanda ya sake kiran matar Malam da wannan suna zai gamu da shi. Babanku ya ji daɗi, ya ce, "Ranka ya daɗe, to bari ta ɗauke ka da dattawa, a kafa a zaure, magana ta mutu." Mai unguwa ya yi murmushi, ya gyara rawani, ya ce, "A bari dai sai wani jiƙon, Malam."

Aiki ya tsaya cak. Sai jefi-jefi, wurin baƙin ma'aikata da mutanen cocin su Baban Joy, su ba ruwansu.

Ranar ƙaramar sallah, bayan an sauko daga idi, babanku ya shigo da farar babbar rigarsa ya ce, "Ɗauko kayan aikinki. Tunda mutanen gari sun ƙi, ni ba na tsoron matata." Ya zauna a benci a inuwar darbejiyar tsakar gida, ke a damansa, ƙannenki biyu a hagunsa. Na yi duk abin da ya kamata. Na tsuke gilashin zuwa takwas. Na jera ku kafaɗa da kafaɗa, har na zo na gyara muku zama da hannuna. Na ɗauka, na duba.

Kun fito tar, ku uku. Har zaren da ya zare a hular ƙaninki ana gani. Fuskar babanku kuwa, a tsakiyarku, kamar an shafa ta da jiƙaƙƙen yatsa.

Na ce ku sake zama. Na sake ɗauka. Haka. Na sake. Haka.

Ya ce, "Yaya, na fito kuwa?"

Na ce, "Batir ne ya mutu, Malam."

Na shiga ɗaki na goge su duka. Na naɗe kyamarar da gilashin a tsohon zane na tura ƙasan akwati, ban sake taɓa su ba. Ni da na jera butoci a gaban dattawa, ni ce na fi kowa gaskata abin a ranar. Ban gaya wa kowa ba. Na riƙa tashi ina kallon ƙirjinsa in yana barcin rana, ina addu'a, amma ban tambaye shi komai ba, don ina tsoron in na furta abin zai tabbata.

Sai bayan kaka na lura ya daina karɓar kofin shayi da hannu ɗaya. Na lura kullum hannayensa suna cikin riga. Da na matsa masa ya ce ai ya kwana biyu yana jin wata 'yar rawa a jikinsa, har a wuya, bai so ya tayar mini da hankali ga abin da nake ciki. Lokacin da muka je asibiti, likita ya ce me ya sa ba mu zo da wuri ba. Sauran kin sani, kina wurin. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Kwanansa ne ya ƙare, ban ce da mun je da wuri da yana nan ba. Amma da ya samu sauƙin wahala. Kuma da yanzu kuna da hoton sallarku ta ƙarshe da shi yana zaune da ƙarfinsa, ko da hazo ne. Ni na goge shi.

Da Baban Joy ya zo ta'aziyya na ba shi labari a zaure, shi ne mutum na farko da ya ji. Ya ce, "Maman Ummi, in kin tsuke ido a inuwa, kyamara tana jinkirin ƙiftawa. Duk wanda jikinsa ke rawa, ko kaɗan ne, zai yi hazo. Ciwon ne ta gani kafin ke ki gani."

Na ce, "Na yarda. To yara fa? Yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya, sau uku, ko ɗaya bai motsa ba?"

Ya ce, "Wannan kam ban sani ba."

Ni ma ban sani ba, kuma na daina nema. Gaibu na Allah ne, gilashi ba ya sanin ranar kowa. Amma a zaman takaba na yi ta juya abin a raina, sai na ga wani abu. Me ya sa Rabi ta jingina da bango ranar bikin nan? Ciki ne da ita, jiri take ji. Lantana me ya sa ta koma baya ta zauna a bakin gado? Zazzaɓin ya fara cin ta. Dattijon Babura ƙafafunsa ne ba sa ɗaukarsa. Mai lafiya shi ke turowa gaba a ɗauke shi. Wanda ke ja da baya, sau da yawa akwai abin da yake ɓoyewa. Ni kuwa ina can ina kallon kyan amarya.

Wannan ita ce shawarar da ta fi duk sauran. In wani ya fito da hazo, ki gyara saitinki ki sake ɗauka, wannan aikinki ne. Amma bayan nan ki sauke kyamarar, ki matsa kusa da shi, ki ce, "Lafiya kuwa?" Ki tambaya da bakinki, kada ki tsaya kina tsoro daga nesa. Kuma kada ki goge hoton naki don ya ba ki tsoro.

Da na buɗe akwatin bara don in ba ki kyamarar, na tarar fumfuna ta cinye gilashin nan gaba ɗaya, shi ya sa ba ki gaje shi ba. Naki kada ki naɗe shi a zane. Ki samu roba mai murfi, ki zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, ki riƙa fito da shi yana ganin rana. Gilashin da ake aiki da shi ba ya ruɓewa.

Saura magana ɗaya. Ranar walimar sallamarki, da kika aro fifti a shagon Baban Joy don ki gwada, kin jera ni da gwaggwanninki a ƙofar ɗakina. Na ga lokacin da kika duba hoton. Na ga kin ɗago kin kalle ni, kin sake dubawa, sannan kika kife kyamarar a cinyarki kika ce haske bai yi ba. Ummi, ni na haife ki, kuma ni na riga ki yin wannan ƙaryar.

Kada ki goge shi. Gaskiya ne na jingina da ƙyaure ranar, kaina yana ɗan sara mini tun watan jiya. Ban jira kowa ya tambaye ni ba, washegarin tafiyarki na sa ƙaninki ya kai ni asibiti a babur. Sun ce jinina ne ya hau, sun ba ni magani, sun hana ni gishiri, sun ce in dawo su sake aunawa. Ina sha a kan lokaci. Abin da ya wuce wannan yana hannun Mai Sama, kuma ban ji tsoro ba. Ki wanke hoton yadda yake ki aiko mini, ina so in ga abin da kika gani. In Allah Ya kai mu babbar sallah, ki zo da sabon gilashinki. Zan sa shuɗin leshina, in tsaya a tsakar gida inda rana take, ba bango a bayana, ki ɗauke ni har sai na fito.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa hannunki ya zama sanadin farin cikin mutane. Ya raba ki da abin da za a faɗa a kanki wanda ba ki yi ba. Ki riƙe sallah, ki riƙe azkar na safe da yamma, ki ci abinci. Ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara
Kazaure